Yadda Za Ka Musanta Muryarka Idan Ta Fito a Albam na Biyu na Abokinka

Na rubuta wannan jagora ne domin saurayi mai kamun kai, wanda bai taɓa riƙe makirufo ba, bai taɓa juya hularsa baya ba, amma ya wayi gari ya ji muryarsa tana fitowa daga lasifikar kowane keke mai ƙafa uku a cikin Jalingo, da kiɗa a ƙarƙashinta. Idan kai ne, ka kwantar da hankalinka. Ina ba ka cikakken tabbaci cewa matuƙar ka bi matakan nan bi da bi, ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka yi kwana goma sha tara cur babu wanda ya iya tabbatar da cewa kai ne. Ban ce ashirin ba, domin ba na alkawarin abin da ban gwada ba.

Ya kamata ka san inda na samo ƙwarewar. Sunana Muntasir, ina da difloma a fannin gudanar da mulki, ina kuma buga takardu a wani shagon kwamfuta da ke Barade. Ina da aboki tun firamare, Yuguda, mawaƙin rap, wanda ke kiran kansa Yugu Tsawa. Albam ɗinsa na farko ya fito shekara uku da suka wuce. Mu goma sha ɗaya ne muka halarci ƙaddamarwar: huɗu danginsa ne, biyu kuma ruwan sama ne ya koro su. Saboda haka da ya ce mini zai yi na biyu, sai na aika masa saƙon murya na minti bakwai, na yi masa nasiha tsakani da Allah cewa ya bar waƙa ya koma makaranta. Hoton babban yatsa kawai ya turo. Bayan wata huɗu albam ya fito, sunansa Ban Ji Ba, waƙoƙi goma sha biyu. Abu na farko da ake ji a cikinsa gyaran muryata ne.

Da a wani lokaci ne, da na haƙura. Amma ina neman auren Khairiyya, kuma mahaifinta ya damƙa binciken halina a hannun wansa, Bappa Manga, dillalin shanu a kasuwar Iware, wanda ya sha faɗa cewa ba za a fitar da 'ya daga gidansu a kai wa mawaƙi ba. Mako biyu kafin albam ya fito na durƙusa a gabansa, ya tambaye ni ko ina da wata alaƙa da waƙa, na ce, “Ko kaɗan, Bappa.” A ranar gaskiya na faɗa.

Mataki na Ɗaya: Kada ka firgita a cikin keke

A keke za ka fara ji, domin a nan ake fara jin komai. Za a yi gyaran murya, sannan wani mutum mai ladabi ya ce, “Da farko dai, ka yi haƙuri da tsawon saƙon nan.” Sai ganga ta faɗo. Daga nan za ka ji kanka kana cewa “Yuguda, ka koma makaranta” sau takwas a jere, ana yanka maganar ana maimaitawa kamar mai shaƙuwa.

Kada ka ce komai. Kada ka ce a rage sauti, kada ka ce a sauke ka, kada ma ka yi salati da ƙarfi, domin da murya ake yin duk waɗannan. Ka dubi titi da fuskar mutumin da ke tunanin makomar ƙasa. Idan kun iso inda za ka sauka, ka taɓa kafaɗar direba kawai. Ni direban nawa kai yake kaɗawa bai ji taɓawar ba, sai da muka wuce gadar Nukkai na samu sauka, na dawo a ƙasa. Masana sun tabbatar da cewa tafiyar ƙasa tana taimaka wa mai neman mafita.

Mataki na Biyu: Ka kai ƙorafinka da ƙafarka

Zuciya za ta raya maka ka ɗauki waya ka danna, ka gaya wa abokinka abin da ke ranka. Kada ka kuskura. Na yi wannan kuskure, minti huɗu, kuma har yau yana ajiye ana jiran albam na uku.

Ka je situdiyo da kanka. Na Yuguda yana Kachalla Sembe, ɗaki ɗaya ne da aka manna wa katifu a bango, na wani mai haɗa kiɗa ana ce masa Godwin. Da na shiga, Godwin ne ya fara miƙewa, ya cire hula.

“Oga! Kai ne? Wallahi muryanka ɗin nan, shi ne ya ɗauki albam gaba ɗaya. Ba na sa masa komai, haka nan ya zauna kan kiɗa.”

Na juya ga Yuguda na ce, “Abin da ka aikata ya saɓa wa amana, ya kuma saɓa wa tsari.”

Ya ce, “Mutumina, shekara ashirin kana mini wa'azi ni kaɗai. Na ga lokaci ya yi jama'a su amfana.”

“Ka sa sunana?”

“Haba, ni mahaukaci ne? Malam Difloma na rubuta.”

Na tunatar da shi cewa a cikin abokansa kaf ni kaɗai ne mai difloma. Ya ce wannan bai zo masa a rai ba. Na gaya masa batun Bappa Manga, nan take dariyar ta ɗauke, ya ɗora hannu a ƙirji ya rantse ba zai taɓa faɗa wa kowa ba. Ka karɓi rantsuwar, ka fita da sauri. Ka lura da hannun Godwin yayin da kake magana, domin akwai wani jan maɓalli da yake yawan shafawa.

Mataki na Uku: Ka rabu da kanka na ɗan lokaci

Ba sautin murya kaɗai ke tona mutum ba, har da ɗabi'ar magana. Ka daina gyaran murya. Ka daina cewa “da farko dai”. Ka daina ba mutane haƙuri kafin ka yi musu laifi. Idan an gaishe ka, ka amsa da “yo” ko “normal”, kana cije haƙora.

Ka naɗa mayafi a wuya ka ce mura kake yi. Na san zafin Jalingo a watan Maris, na kuma san irin kallon da za a yi maka. Ka daure. Idan abokin ciniki ya kawo takardar neman aiki mai cike da kurakurai, ka buga masa yadda take, kada ka yi masa bayani. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi mini wuya a duk shirin, kuma ina neman afuwar mutum uku da suka nemi aikin gadi da takardar da ta ce su masu rashin gaskiya ne.

Mataki na Huɗu: Ka shiga sahun masu sharhi

Mai laifi shi ke gudun majalisa, don haka ka je, ka zauna, ka saurari yadda gari ya karɓi albam. Ka dai riƙa gyaɗa kai.

A shagon aski na ji hukuncin farko. Mai askin ya ce, “Yugu dai yana nan yadda yake, ihu da sauri. Amma wannan Malam Difloman, wallahi yana da saƙo.” Wani da ake wa aski ya ce ai tsohon shugaban makaranta ne daga garin Mutum Biyu, ya san shi, har ya taɓa dukansa. Wani ya ce ƙarya ne, ɗan Kano ne, ji yadda Hausarsa take a goge kamar an yi mata guga. Wani mai shirin matasa a rediyo ya ce albam ɗin ya nuna Yugu Tsawa ya girma, domin a karon farko ya bar wanda ya fi shi hankali ya yi magana. Kafin mako ya zagayo, duk ɗan ƙwallon da ya zubar da fanareti, duk telan da ya ɓata ɗinki, duk akuyar da ta tsaya a tsakiyar titi, abu ɗaya ake ce mata: ta koma makaranta.

A nan akwai tarko guda biyu. Na farko, za ka fara jin daɗi. Za ka tsinci kanka kana son ka ce wa mai askin ai Malam Difloma bai kai talatin ba. Ka danne. Na biyu kuwa ya fi nauyi: za ka lura cewa babu wanda ya wuce waƙa ta farko. Tun kafin ya fara maganar albam na biyu, Yuguda ya yi wata goma sha ɗaya yana rubuta ta tara, wadda ya yi a kan ambaliyar Mayo Gwoi, shekarar da ruwa ya ci ɗakin mahaifiyarsa da keken ɗinkinta. Na haɗu da shi a bakin kasuwa ya ce mini, yana murmushin da bai kai zuci ba, “Kowa na yaba albam ɗina, mutumina. Ban dai haɗu da wanda ya saurare shi ba.”

Kada ka bari wannan ya taɓa ka. Ni ma a lokacin ban kai ta tara ba.

Mataki na Biyar: Ka cire budurwarka daga jerin waɗanda za ka ruɗa

Ɓata lokaci ne. Na je zance da mayafina a wuya, na ce “yo”. Khairiyya ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara zama, ta yi gyaran murya irin tawa sak, ta ce, “Da farko dai, Malam, ka cire wannan tsumman kafin ka narke.”

Na ce ban fahimci abin da take nufi ba.

Ta ce, “Ni da nake da saƙonka ɗari da wani abu a waya? Akwai na minti tara da ka yi mini kan amfanin zuwa da wuri. Ka je ka gaya wa Bappa da bakinka tun kafin ya ji a wani wuri. Ba waƙa ka yi ba, nasiha ka yi aka sa mata ganga.”

Shawara ce mai kyau, amma ba ta cikin wannan jagora. Ka gode mata, ka roƙe ta ta rufa maka asiri, ka ci gaba da shirinka.

Mataki na Shida: Idan aka titsiye ka, ka ɗora wa na'ura

Rana ta goma sha bakwai Bappa Manga ya aiko a kira ni. Na same shi bayan la'asar a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta ƙofar gidansa, sanda a gefe, waya a kan tabarma. Muka gaisa da Fulatanci, jam, jam, sannan ya danna wayar da ɗan yatsa ɗaya. Na saurari kaina har sau takwas.

Ya ce, “Muntasiru, ni shekara arba'in ina cikin shanu. In saniyata ta yi kuka a cikin garke ɗari, zan nuna ta. Wannan kukan naka ne.”

A nan ilimi ke amfani. Ka daidaita zama, ka yi bayani dalla-dalla cewa a yanzu akwai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda in ta ji muryar mutum sau ɗaya sai ta riƙa magana da ita, ta faɗi abin da bai faɗa ba. Ka ambaci ƙasashen waje. Ka girgiza kai saboda lalacewar zamani. Na yi haka, kuma ina shaida maka ya yi aiki fiye da yadda nake so.

Bappa ya ce, “Wato muryarka ce, amma ba kai ka ba su ba.”

“Haka ne, Bappa.”

“Suka ɗauka ba ka sani ba, suka kai kasuwa.”

“Kusan haka ne, Bappa.”

“To ai wannan sata ce.” Ya jawo sandarsa. “Kuma wanda ke neman 'yarmu namu ne. Ba a kora mana dabba mu zauna. Za mu bi sawu.”

Mataki na Bakwai: Ka hana dattijo bin sawu

Ka ce ka yafe. Zai ce ba kai kaɗai aka yi wa ba. Ka ce ba a san inda na'urar take ba. Zai ce duk abin da aka kora yana barin sawu. Ka ce murar ta tashi. Zai aiko maka da kindirmo da citta, ya ce jibi da hantsi ka shirya.

Gaskiya ban samo yadda ake yin wannan mataki ba. Na bar shi a nan ne domin kada lissafin ya tashi daga shida zuwa takwas.

Mataki na Takwas: Kada ka dubi fuskar abokinka

Wannan shi ne ginshiƙin shirin gaba ɗaya, kuma a nan ne ni kaina na faɗi.

Kwana biyu Bappa ya yi yana bin sawu: daga mai keke zuwa mai tura waƙoƙi a waya, daga nan zuwa mai buga fosta, har ƙofar Godwin. Muka shiga ya dubi katifun bango, ya ce Allah ya kyauta, masu wannan ɗaki a tsaye suke barci. Sannan ya nuna Yuguda da sanda.

“Kai ne ka sa inji ya saci muryar yaron nan? Ka faɗi gaskiya, domin daga nan gidan mai unguwa za mu, in bai isa ba mu wuce gaba.”

Godwin ya fara lallaɓawa wajen ƙofa yana cewa shi haya kawai yake bayarwa. Yuguda ya dubi Bappa, ya dube ni, ya fahimci komai cikin daƙiƙa guda. Ya cire tabaransa, ya durƙusa, ya ce, “Ni ne, Bappa. Inji ne. Shi bai san komai ba, mutumin kirki ne, ko waƙar makaranta ba ya bi.”

Abin da jagora ya tanada a nan mai sauƙi ne: ka dubi silin, ka ƙirga zuwa goma, aure ya tabbata. Ni kuwa na dubi Yuguda. Na ga mutumin da gari ya ƙi sauraron waƙarsa saboda ni, yanzu kuma zai tafi gidan mai unguwa da sunan ɓarawo saboda ni. Ban san lokacin da na yi gyaran murya ba.

Na ce, “Da farko dai, Bappa, ka yi haƙuri. Babu wani inji. Ni na aika masa da bakina. Ƙarya na yi maka.”

Godwin ya dawo daga bakin ƙofa ya ce, “Kai, ko a fili ma haka yake fita!”

Mataki na Tara: Ka buɗe baki idan an ce ka buɗe

Bappa ya zauna a kujerar Godwin ya ce a sa masa saƙon gaba ɗaya, ba yankakke ba, shi ba ya sayen dabba da ganin wutsiya kawai. Yuguda ya ce ai ya goge. Godwin, wanda ke son a san shi mai adana aiki ne, ya ce yana nan, ya danna.

Sai a lokacin na tuna minti na biyar, na kuma gane cewa da gangan Yuguda ya yanke shi daga albam. Muka ji ni ina cewa, “Ka dubi halin da nake ciki, Yuguda. Ni da nake da difloma ma, idan Bappan Khairiyya ya kalle ni sai in ji kamar bijimi a Iware, saura kawai ya buɗe bakina ya duba haƙora.”

Bappa ya bari saƙon ya kai ƙarshe, sannan ya yafito ni.

“Zo nan. Buɗe.”

Na buɗe. Ya duba sama, ya duba ƙasa, a natse.

Ya ce, “Haƙora lafiya lau. Harshen ne ya yi tuntuɓe.”

Daga nan ya juya ga Yuguda ya ce saboda bincike ya saurari albam ɗin daga farko har ƙarshe sau uku. Goma daga ciki, in ji shi, hayaniya ce kamar ranar kasuwa. “Amma ta tara, ta ruwan nan da keken ɗinki. A shekarar ni ma ruwa ya tafi mini da maruƙa shida. Ka faɗe shi yadda ya faru. Sai dai kana sauri kamar ana bin ka. Wa ke bin ka?” Yuguda ya mayar da tabaransa, ya ce fitilar ɗakin ce ke damun idonsa. Fitilar kuwa a kashe take.

Hukuncin da aka yanke mini kashi biyu ne. Game da waƙa, Bappa ya ce ya saurara da kyau bai ji inda na rera komai ba, wanda aka yi wa kiɗa yana wa'azi ba mawaƙi ba ne, abin tausayi ne. Game da ƙarya kuwa, ya ce da na bar abokina ya ɗauki laifin, da ko kazar gidansu ba zan samu ba. Tunda na dawo da kaina, za a sa rana bayan damina, bisa sharaɗin in je gidan rediyon nan in faɗa da bakina cewa ni ne Malam Difloma, in kuma gaya wa mutanen Jalingo cewa albam ɗin yana da waƙa ta tara.

Na je. Na yi minti goma sha ɗaya, mai shirin yana ta ɗaga mini hannu. Yanzu ana jin ta tara a keke jefi-jefi, kuma an ce wani direba ya taɓa tsayawa a gefen titi har ta ƙare. Mai askin unguwarmu ya ce shi dama tun ranar farko ya san ni ne.

Sanarwar kare kai

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da zai biyo bayan aiki da shi, ko fasa aure ne, ko ƙurajen zafi a wuya, ko tafiyar ƙasa daga Nukkai, ko binciken haƙora a gaban shaidu. Tabbacin da aka bayar na kwana goma sha tara ne, bai shafi rana ta ashirin ba, bai kuma shafi wanda surukinsa ke kiwo ba. Idan asirinka ya tonu, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba, kai ka zaɓi abokinka, kai kuma ka danna maɓallin aikawa.

Abu ɗaya ne ba zan iya kare kaina daga gare shi ba, domin damina ba ta wuce ba tukuna. Idan takardar nan ta faɗa hannun Bappa Manga, ya tambaye ka wa ya rubuta, kada ka wahalar da shi da bin sawu. Ka ce masa Muntasir ne, kuma yana shago har ƙarfe biyar.